Ruwan Sama, Gona da Famfo: Abin da Tarihin Ƙasar Cadawa Ya Koya Mana

A shekarar 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi. A lokacin garin yana cikin kwarin gulbi ne, inda Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi suka zauna. Ambaliya ta rushe gidaje, dole aka tashi aka koma kan tudu, inda birnin yake a yau. Shekara 39 bayan haka, wato a 1984, wannan ƙasa dai ta wayi gari rumbuna wayam saboda fari. A daminar 2024 kuma ruwa ya sake yin ɓarna a Maraɗi da kewaye, aka rasa rayuka, gidajen ƙasa suka zube. Da rani ya shigo, sai ga mata da yara sun koma layin famfo da bidodinsu kamar ba a taɓa yin ruwan ba.

Ni ɗan ƙasar Cadawa ne, garin da ke gabas da Maraɗi a kan babbar hanyar da ta bi ta Agye da Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram. Ina so in bi tarihin ruwa da gona a wannan yanki namu tare da iyaye da malaman makaranta, domin akwai tambayar da ya kamata mu iya amsa wa yaranmu: me ya sa ƙasar da ruwa ke rushe wa gidaje a watan Agusta take sayen ruwa da tsada a watan Afrilu?

Zamanin tabki da wasaki

Kafin famfo, hanyoyin samun ruwa uku ne a ƙauyukanmu. Akwai rijiyar gargajiya wadda ake ja da wasaki. Akwai tabki da kududdufi, waɗanda ke cika da damina su riƙe ruwa zuwa wani lokaci na kaka ko hunturu. Sannan akwai ruwan sama da ake tara a randa da tulu a ƙarƙashin indararo. Kududdufin bayan gari ma ba a banza yake ba: daga nan aka ɗebi ƙasar gina gidaje, ramin da ya rage ya zama ma'ajiyar ruwan wanki da shayar da dabbobi da kwaɓa ƙasar gini na baɗi.

Gona ma tana da nata tsarin riƙe ruwa. Manomi ya san jigawa, ƙasa mai yashi da ke shanye ruwa nan take. Ya san geza mai ɗan tauri, ya san fadama, ya san fako inda ruwa ke gudu ba ya shiga. In gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, sabara da kalgo su rufe ta. Gawo kuwa ba a taɓa shi, don kowa ya ga yadda yake zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Har yau ana ba da labarin irin hukunci mai tsanani da Sarkin Damagaram Tanimu ya sa a kan mai sare gawo.

Kada dai mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Ruwan tabki ya kwantar da mutane da kurkunu, sau da yawa daidai lokacin noma. Ya sa wa yara tsargiya. Mata sun sha tafiya mai nisa, tafin hannunsu ya yi kanta saboda igiyar rijiya. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu, kuma rijiyoyin siminti da famfuna suna da babban kaso a wannan nasara. Duk wanda ya ce a watsar da famfo a koma tabki bai ga ƙafar mai kurkunu ba.

Yadda gonaki suka tsiraita

Da Turawan Faransa suka kafa mulki, abubuwa biyu sun canza dangantakar manomi da ƙasarsa. Na farko haraji, wanda sai da kuɗi ake biya, kuɗi kuwa a gyaɗa suke. Noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi, musamman a shekarun 1950 da 1960, har gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Aka yi ta sare daji ana buɗe sababbin gonaki, jama'a na ƙaruwa, hutun gona na raguwa har ya ɓace. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce.

Na biyu dokar daji. Dokar da Faransa ta kafa a 1935 a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun sa itatuwa masu daraja a ƙarƙashin ikon hukuma. Manomi na iya shan tara saboda ya sare reshen iccen da ke tsakiyar gonarsa. To, wa zai reni abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Dabara ta zama a cire tsiron tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi.

Sakamakon ya bayyana da farin shekarun 1970. Iska ta riƙa binne shuka da yashi, manomi ya yi shuka sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye. Ruwan da ya sauka a ƙasar da ba ta da inuwa ba ta da ganye sai ya gudu ko rana ta shanye shi. Yunwar 1973 da 1974 tana cikin abubuwan da suka yi awon gaba da gwamnatin Diori a watan Afrilu 1974. Ta 1984 kuwa mutanenmu suka laƙaba mata suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hanyar da abinci da ciniki ke bi ta toshe.

A watan Mayu na wannan shekara ta 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. An daɗe ana dasa itatuwa daga gandun reno, ana kashe kuɗi masu yawa, amma mafi yawansu ba sa kai wa baɗi: ko fari ya kashe su, ko awaki su cinye, ko gara.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Maganin da ya yi aiki a ƙarshe yana cikin gonakin tun farko. Wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi da ƙungiyar SIM, ya lura a 1983 cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce. Tohon kututturen manyan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a cikin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe mai ƙarfi guda ɗaya zuwa 'yan kaɗan a kowane kututture, a datse sauran, a kare shi daga gatari. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, icce kan tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, ana cewa gonarsu ta ƙazanta. A lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka bar itatuwa don su sami hatsi, da rabon ya ƙare kuma akasarinsu suka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci: iska ta rage binne shuka, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Hukuma ma ta sassauta. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙarfafa haƙƙin manomi, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani wadda ta amince cewa mai renon icce a gonarsa yana da ikon cin moriyarsa.

Gundumarmu ta Agye tana kan gaba a wannan tarihi. Ƙauyen Dan Saga ya yi suna har a ƙasashen waje saboda kwamitin da mutanensa suka kafa don tsaron itatuwa, wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, tare da tallafin ayyukan asusun FIDA. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Babu ma'aikatar da ta dasa su.

A ƙasar Adar kuma, inda fako ya fi yawa, wata dabara ce ta yi aiki. A 1989 wasu manoma daga Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, ƙasar su Yacouba Sawadogo, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, a shuka hatsi. Suka dawo suka gwada, muka san shi da sunan tassa. Shekarar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da amfani a inda na kusa da su suka ƙone. Daga nan mutane suka fara sayen fakon da a da ko kyauta ba a so. A wasu ƙauyukan yankin, irin su Batodi, ruwan rijiyoyi ya hauro har mata suka kama lambu. A 2018 Rinaudo da Sawadogo suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Right Livelihood.

Tarihin famfo

A daidai shekarun da manoma ke maido da itatuwa da hannunsu, sha'anin ruwan sha ya bi wata hanya dabam, ta jiran abin da zai zo daga sama, amma ba daga gajimare ba. A 1963 aka kafa OFEDES, hukumar da ta gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka. A shekarun 1980 aka shigo da rijiyoyin burtsatse da famfunan hannu da na ƙafa. Daga baya manyan ƙauyuka suka sami injin da shato da famfunan unguwa. A birane, gyaran fuskar da aka yi a 2001 ya raba aikin gida biyu, SPEN mai kula da kayan aiki, da SEEN mai rarraba ruwa, wadda kamfanin Faransa Veolia ke da babban kaso a ciki, har zuwa farkon 2024 da kamfanin ƙasa Nigérienne des Eaux ya karɓi aikin. A karkara kuwa, bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da dokar ruwa ta 2010, nauyin ya koma kan magadan gari, su kuma su ba 'yan kasuwa kwangilar gudanarwa.

Kowane mataki ya kawo sauƙi, kowanne kuma ya zo da igiyar da ke ɗaure mu da wani wuri mai nisa. Famfon ƙafa na bukatar kayan gyara daga waje. Inji na bukatar gazuwal ko wuta. Mun ga haka ƙiri-ƙiri a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa, ta yankinmu kuma ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa. In babu wuta inji ba ya hawar da ruwa shato, in shato bai cika ba famfo sai iska.

Akwai kuma darasin Tibiri a gundumar Gidan Rumji, wanda bai kamata a manta ba. Rijiyar burtsatsen da aka haƙa wa garin a tsakiyar shekarun 1980 ruwanta na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ƙima. An yi shekaru ana sha kafin a gane, yara da yawa haƙoransu suka rine, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ruwa ya fito ta famfo garau bai isa shaida ba. Sai an gwada shi, kuma haƙƙin jama'a ne su tambayi sakamakon gwajin.

Abin da muka fi yin asara a wannan tafiya shi ne al'adar tara ruwa. Da famfo ya zo, randar ƙarƙashin indararo ta zama abin kunya, alamar ƙauyanci. Aka cike kududdufai aka yi gini a kansu, ruwan da suke riƙewa ya koma bin lunguna yana cin gindin katanga. Muka sami rufin kwano, wanda ya fi na ƙasa dacewa da tara ruwa nesa ba kusa ba, amma muka bar shi yana zubarwa a titi.

Lissafin da kowane ɗan aji shida zai iya

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Yankinmu kan sami tsakanin milimita 400 zuwa 600 a shekara, mu ɗauki 500. Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, ke nan lita miliyan 5 ke sauka a kanta kowace damina, daidai da bido 200,000 mai cin lita 25. Tambayar manomi ita ce nawa ne ya shiga ƙasa, nawa ya gudu.

Aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7 rufinsa ya haura murabba'in mita 60. A shekara lita 30,000 ke sauka a kansa. A cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai zube ko a zubar, saura 24,000. In yara 60 ne a ajin, kowa na shan lita 2 a yini, lita 120 ke nan, ruwan zai kai kwana 200. Makarantunmu kuwa a watan Oktoba suke buɗewa, daidai lokacin da damina ta ɗauke, tanki na cike.

Gonar da muka gada

Da gonar mahaifinmu ta dawo hannuna, rabinta jigawa ce da ta gaji, ɗaya gefen kuma fako ne da ko ciyawa ba ta fitowa. A garin da nake zaune famfon unguwa kan yi kwanaki bai kawo ba, 'yan ga-ruwa su ƙara kuɗi, yara su makara a makaranta saboda layi. Wannan ne ya sa na yi niyyar duk gyaran da zan yi wa gonar in fara shi daga ruwa.

A jigawa ba mu haƙa komai ba, don rami a yashi rufewa yake yi. Mun bi kututturan kalgo da sabara mun datse su, duk tsiron gawo da aduwa da muka gani muka kafa masa alama don masu noma su kauce. Bayan girbi muka bar wani kaso na kara a kwance, muka yi yarjejeniya da wani makiyayi ya kwana da shanunsa a gonar da rani. A fako muka haƙa tassa tun kafin ruwa ya sauka, faɗin kamar taki ɗaya, zurfi ƙasa da haka kaɗan, ana tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu biyu. Inda gangaren ya fi ƙarfi muka yi rabin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke fitowa. Aiki ne mai cin ƙarfi, a zafin bazara ake yin sa, kuma ba ya biya a shekara ɗaya. A damina ta uku ne na ga hatsi ya tsaya a wurin da tun ina yaro ban taɓa ganin an shuka ba.

Ɗakin ajiyar da ke bakin gonar muka yi masa rufin kwano, muka kewaya shi da mazurari, muka gina tankin siminti mai murfi. Ka'idoji uku muke kiyayewa. Ruwan farko na damina, da na 'yan mintunan farko na kowane ruwa, zubarwa ake yi, don shi ke wanke ƙura da kashin tsuntsaye. Tanki a rufe yake ruf, bakin shigar ruwa da raga, saboda sauro da kuma tsaron yara. Ruwan sha kuma sai an tafasa ko an sa masa maganin tsabtace ruwa.

Tanki na da iyaka, gara a faɗa. Mai cin lita 10,000, in gida mai mutum goma zai yi komai da shi a kan lita 20 kowane mutum, kwana 50 ya ƙare. In aka keɓe shi don sha da girki, lita 5 kowane mutum, zai kai kwana 200. Ranin ƙasarmu kuwa wata takwas ne. Siminti da ƙarfe ma ba araha suke ba, kuma makarantu da yawa har yanzu a rumfar zana ake karatu, babu rufin da za a tara. Saboda haka tanki ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Ruwan famfo haƙƙi ne, a ci gaba da neman sa a gaban magajin gari da duk wanda aka ba amana. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, mai tanki a gida yana neman haƙƙinsa ne ba tare da ƙishirwa ta durƙusar da shi ba.

Ga malamai da iyaye

Malam, wannan tarihi na ɗalibanka ne, a bakin ƙofarsu ya faru. Ka tura su su tambayi kakanninsu ina kududdufin garin yake a da, me aka gina a kansa, wace shekara aka haƙa rijiyar siminti, nawa ne gawon gonarsu a lokacin El-Buhari, nawa ne yau. Gwangwani mai miƙaƙƙen gefe da abin awo sun isa a auna ruwan sama, yaran da ke kusa da makaranta su riƙa rubutawa ko da lokacin hutu ne. Ranar 3 ga Agusta, da muke bikin 'yancin kai da dashen itace, a haɗa da nuna wa yara yadda ake datse kututture, don wanda aka datse ya fi wanda aka dasa saurin kamawa.

Iyaye kuma, in ƙungiyar iyayen yara ta zauna a kan abin da za a yi wa makaranta, a sa mazurari da tanki cikin lissafi. A gida a fara da abin da ake da shi, ko da ganga biyu ce mai murfi. A tuna cewa yawancin masu tsayuwa a layin famfo 'ya'yanmu mata ne, duk sa'ar da suka ɓata a can daga karatunsu aka cire ta.

Kakanninmu sun ga ƙasar nan da duhun daji, iyayenmu sun gan ta tsirara, mu kuma mun ga itatuwa sun dawo saboda manomi ya tabbata nasa ne. Ruwan da ke sauka a rufinka da gonarka ba ka jiran sa hannun kowa kafin ka tare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: da rani ake gina tanki, da bazara ake haƙa tassa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu ikon riƙe abin da Ya saukar.